Ranar da aka kira ni fatalwa a wurin sayen mota

Shekarata 37 a duniya ba a taɓa kira na fatalwa ba sai ranar Asabar ta biyu cikin azumin 2023, a wani wurin sayar da motoci da ke gefen babbar hanya a Hustan, jihar Teksas ta Amurka. Ba a gabana aka faɗa ba. Yaron da ke ciniki da ni ya tafi wajen manajansa da takardata, ƙofar gilashin ba ta rufu sosai ba, sai na ji manajan ya dubi kwamfuta ya ce da shi, "Wannan ai fatalwa ka kawo min." Daga baya na gane ba zagi ba ne a wurinsu. Haka masu sana'ar suke kiran duk wanda aka buga lambarsa ba a ga komai ba, babu bashin da ya biya, babu wanda ya ƙi biya.

Ni kuwa da taƙama na shiga wurin. Ina riƙe da takardun albashi na wata uku, da wasiƙar asibitin da nake aikin jinya, da lasin tuƙi sabo fil, da dala 5,000 a banki. Babban abin da nake ji da shi kuma shi ne ban taɓa cin bashin kowa ba. Shekara goma sha biyu na yi ina aiki a gida, ko rancen sayen babur da ƙungiyar ma'aikata take bayarwa ban taɓa karɓa ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, idan aka ce masa bashi hanji ne yana cikin kowa, sai ya ce to shi nasa hanjin ya ishe shi. A kan wannan muka tashi. Tsohuwar 406 ɗina da na bari a Katsina ma kuɗi hannu na saye ta, a cikin leda baƙa na kai su, muka ƙirga da dillali a inuwar darbejiya, aka ce albarka sau biyu, a na uku aka sallama.

Abin da ban sani ba shi ne a Amurka ba albashinka ake fara dubawa ba. Akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda aikinsu tara labarin bashin mutane. Duk wata bankuna da masu katin bashi suna aika musu rahoto: wane ya biya a kan lokaci, wane ya makara. Daga wannan kundin ake fitar wa mutum maki, wanda aka fi sani da FICO, daga 300 zuwa 850. Mu a nan kiredit kawai muke cewa. Kafin a iya fitar maka da makin, sai kana da aƙalla asusun bashi guda da ya kai wata shida a buɗe. Ni ba ni da ko ɗaya, saboda haka ba ma ƙaramin maki gare ni ba, babu makin gaba ɗaya. Kuɗin haya da nake biya kowane ɗaya ga wata ba ya shiga kundin, haka kuɗin wuta da na waya. Amma da zan ƙi biyansu a miƙa ni ga masu karɓar bashi, nan take zai bayyana. Amanar da na riƙe a Najeriya kuwa ba ta ƙetaro teku ba, can ta tsaya a filin jirgin Abuja.

Wani zai ce me ya kai ka neman sabuwar mota tun ba ka wuce wata shida a ƙasa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma na sha ta. Hustan gari ne da aka gina don mai mota. Asibitinmu yana bayan gari, inda bas ba ta kaiwa, aikina kuma na dare ne, bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. Wata 'yar Filifin da muke aiki tare ce take rage min hanya idan ranakunmu sun zo ɗaya, sauran ranakun sai Uber, wanda zuwa da dawowa yake cin abin da zai yi mana cefanen kwana biyu. Na duba na hannu. A lokacin farashinsu bai gama saukowa daga hawan da ya yi ba bayan ƙarancin sassan lantarki na 2021, har za ka ga Corolla mai shekara uku tana neman kamo sabuwa a kuɗi. Masu arahar kuma tsoronsu nake ji. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci birjik a garin nan, kuma kowa yana da labarin wanda aka sayar wa motar da ta sha ruwa aka wanke ta tas. A gida ina da bakanike da zan ɗauka mu je ya saurari inji ya leƙa ƙarƙashi. A nan ban san kowa ba, kuma bakanike da awa yake caji, awar ta haura dala 100.

To mu koma wurin ciniki. Motar da na zaɓa Corolla ce fara, mafi ƙanƙantar samfuri. A gilashin kowace sabuwar mota akwai takarda da doka ta wajabta tun 1958, mai nuna farashin da kamfani ya sa. Da aka haɗa harajin Teksas na kashi 6.25 cikin ɗari da kuɗin lamba da na takardu, abin ya tashi wajen dala 25,000. Idan na ba da 5,000 kafin alƙalami, saura 20,000 ke nan.

Yaron, wanda bai fi ƙanina na uku ba, ya ɗauko farar takarda ya raba ta gida huɗu da biro. Tambayarsa ta farko ita ce, nawa zan iya biya a wata. Na ce ni farashin mota nake son mu fara tsayarwa. Ya yi murmushi ya ce za mu zo nan, amma nawa a wata? Sau huɗu ina komawa kan farashi, sau huɗu yana dawo da ni kan wata. Duk bayan magana biyu sai ya miƙe ya ce bari ya je ya roƙar min manaja, ya ɓace minti ashirin. Kowace dawowa da gorar ruwan sanyi yake zuwa, ni kuma in ce ina azumi, ya ba da haƙuri, zagaye na gaba ya sake kawowa. Gorori uku ne jere a gabana suna zufa a kan tebur lokacin da la'asar ta yi. Na fita bayan ginin na yi salla a kan kwali, na dawo.

Bayan awa huɗu aka shigar da ni wani ƙaramin ofis, wurin mai kula da harkar rance. Nan ne ainihin kasuwar take, sauran duk share fage ne. Mutumin yana da fara'a ƙwarai. Ya ce ya yi min ƙoƙari, bankuna da yawa sun ƙi, amma ya samo guda da ya yarda: dala 455 a wata. A raina na ce ai wannan ba ta kai kuɗin Uber ba. Sai ya ci gaba: tunda sabuwar mota ce ya kamata a kare ta. Ƙarin garanti 2,400. Wata inshora da ke cike giɓi idan motar ta yi raga-raga alhali bashin ya fi darajarta, 900. Kariyar fenti da taya, 700. Bai faɗi waɗannan alƙaluman da bakinsa ba, a takarda na tsinto su daga baya. Abin da ya faɗa shi ne, "Dala 91 ce kawai za ta ƙaru a wata, kamar kofin shayi ɗaya a rana."

Aikin jinya ya koya min abu ɗaya: ba na ba da magani sai na karanta kwalba da idona, ko da likita yana tsaye a kaina. Na ce ya buga min takardar in gani. Akwai dokar tarayya ta 1968 da ta tilasta wa mai ba da rance ya rubuta abubuwa ƙarara a cikin akwatuna kafin a sa hannu: kuɗin ruwa na shekara, jimillar ruwan a dala, asalin bashin, da jimillar abin da za a biya. Na sa yatsa ina bi. Ruwa kashi 17.9 cikin ɗari. Wata 72, wato shekara shida. A kan 20,000 ɗin kaɗai, ba tare da tarkacen da ya ƙara ba, zan biya 32,760. Ruwan ya haura dala 12,700, fiye da rabin kuɗin motar. Dala 91 ɗin nan ta kofin shayi kuwa, idan ka ninka ta sau 72, ta zama 6,552.

Na ce zan je in yi shawara da iyalina. Fara'ar ta ragu. Ya ce tayin na yau ne kawai, gobe Lahadi a rufe suke (wannan gaskiya ne, dokar Teksas ba ta barin mai sayar da mota ya buɗe Asabar da Lahadi duka), Litinin kuma ba lallai motar tana nan ba. Ya ce ma in tafi da ita gida yau, a ƙarasa takardu daga baya. Har ya ɗora makullin a kan tebur, kusa da hannuna. Ba zan ɓoye ba, na dube shi na daɗe. Yunwa da gajiya da tunanin gobe da daddare zan sake tsayawa a bakin titi ina jiran Uber, duk sun taru sun tsaya min a wuya. Abin da ya cece ni ba wayo ba ne, agogo ne. Saura minti arba'in a sha ruwa, kuma na yi wa yara alkawarin tare za mu sha.

A gida uwargida ta saurare ni har na gama, tana zuba kunu. Ta ce, "Abban yara, dubu goma sha biyu fa ka ce? Ruwa kawai?" Na ce ruwa kawai. Ta buga lissafinsa da naira a waya, ta ajiye wayar a hankali kamar mai zafi, ba ta sake cewa komai ba.

Sati biyu bayan nan wasiƙu suka fara zuwa, har guda bakwai, daga bankunan da ban taɓa jin sunansu ba. Ta tara min su a kan firij, hankalinta a tashe, ta ɗauka sammaci ne. Ashe wurin motar ne ya aika takardata ga masu ba da rance da yawa, bakwai suka ƙi, doka kuma ta ce wanda ya hana ka rance dole ya sanar da kai dalili. Dalilin duk ɗaya ne da kalmomi daban-daban: babu isasshen tarihin bashi. Wato ba za a ba ka bashi ba sai ka taɓa cin bashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ni kuwa cikina ƙaf.

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram a masallacinmu, ya fi shekara ashirin da biyar a ƙasar nan, ya yi tasi, yanzu yana da manyan motocin dakon kaya biyu. Baba Alhaji kowa ke ce masa. Mai rancen ya gaya min idan na samu mai kiredit mai kyau ya sa hannu tare da ni, ruwan zai sauko sosai. Saboda haka bayan tarawihi na bi shi har mota, na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Ɗana, shigo mota mu zauna." Ya kunna sanyi. Ya ce, "Da kuɗi ka tambaye ni, abin da nake da shi zan ba ka. Amma hannu na daina sawa, ko ɗan cikina ne." Ya ba ni labarin wani yaro da ya tsaya wa shekarun baya. Yaron ya biya wata takwas, aiki ya ƙare, ya koma wata jiha, kunya ta hana shi faɗa. Baba Alhaji bai san komai ba sai da ya je neman rancen gida aka nuna masa makara uku a kundinsa. A nan wanda ya tsaya maka ba shaida ba ne kamar yadda muka saba a gida, inda za a zo a ce Alhaji ga yaronka ya ƙi biya, ka yi masa magana. Bashin nasa ne ɗari bisa ɗari, banki yana iya binsa kai tsaye ba tare da ya nemi yaron ba, kuma tabon makara shekara bakwai yake yi a kundi. Sunansa kuma ba ya kan motar.

Na ji kunya har na rasa inda zan sa ido. Shi kuwa bai bar ni haka ba. Ya tambaye ni ko na ɗauki makullin da aka ajiye min. Na ce a'a. Ya ce na auna arziki, domin wani lokaci sai ka tafi da mota, ka nuna wa kowa, bayan kwana goma a kira ka a ce bankin ya fasa, ka dawo ka sa hannu a kan ruwa mafi yawa ko ka ajiye mota. Ya kuma ce in cire wa raina zancen da 'yan uwa ke yaɗawa cewa kana da kwana uku ka mayar da mota idan ka canza shawara. Wannan dokar ba ta shafi motar da ka saya a wurin dila ba. Ka sa hannu, ta zama taka. Sannan ya gaya min abin da ya fi ba ni haushi: sau da yawa ruwan da mai rancen dila yake faɗa maka ba shi ne bankin ya yanka ba. Banki zai ce masa kaza, shi ya ɗora kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari a kai, bambancin ya zama la'adarsu. Dillali ne, amma ba ya gaya maka cewa dillali ne.

Ra'ayinsa shi ne in sayi tsohuwa ta dala 5,000 kuɗi hannu in huta, babu ruwa babu zunubi. Mun yi ta wannan muhawarar har bayan salla ƙarama. Maganar riba ba ƙaramar magana ba ce a wurina, kuma ba zan yi kamar na warware ta ba. A gida tun 2012 akwai bankin Jaiz da ke sayen abu ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. A nan ma akwai kamfanonin Musulmi masu irin wannan tsari, amma ƙarfinsu a kan gidaje yake, kuma su ma kundin nan suke dubawa kafin su amince da kai. Abin dariya, abin takaici, kamfanonin ƙera motoci kan yi tallan rance marar ruwa ko sisi, sifili cikin ɗari, sai dai wanda makinsa ya kai ƙololuwa kaɗai ake ba. Ma'ana rancen da babu riba a cikinsa an tanade shi ne ga wanda ya daɗe yana hulɗa da masu riba. Na tambayi malamai biyu, na samu amsa biyu. Ɗaya ya ce lalura ce tunda aikin da nake ci da iyali ya dogara da mota, ɗaya ya ce lalura ba ta kai sabuwa dal ba. Na biyun ya fi ni gaskiya ta wani ɓangaren, na sani. Ni ba malami ba ne, labarin abin da na yi kawai nake bayarwa.

Abin da na yi shi ne na haƙura wata bakwai. Wata abokiyar aiki ta nuna min wani ƙaramin banki irin na haɗin gwiwa, wanda masu ajiya su ne masu shi, kiredit yuniyan ake ce musu. Na buɗe asusu na mayar da albashina can. Na ajiye musu dala 500 jingina, suka ba ni katin bashi mai iyakar dala 500. Wato kuɗina na ba su don su ranta min kuɗina. Da na bayyana wa Hajiya a waya ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai dai ka tabbata ba 'yan damfara ba ne." Kuɗin waya kaɗai na ɗora wa katin, dala 60 a wata, kuma ina biyan duka kafin ranar da aka yanka. Idan ka biya duka a kan lokaci babu ruwan da ke hawa, wannan ya ɗan kwantar min da hankali. Dalilin taƙaita shi a 60 kuwa, a lissafin makin nan biya a kan lokaci ne ke da kashi 35 cikin ɗari, sai yawan abin da ake bin ka idan aka gwada da iyakar katinka yana da kashi 30. Katin da kullum yake cike yana ja da kai ƙasa ko kana biya.

Watannin nan ba su yi daɗi ba. Bazarar 2023 ta gasa Hustan, a watan Agusta zafi ya haura digiri 42 a ma'aunin da muka saba da shi, ga gumi kamar an rufe ka da bargo jiƙaƙƙe. Ɗan Katsina ne ni, na san zafin Afrilu, amma namu busasshe ne, inuwa tana maganinsa. Akwai safiyar da na tashi aiki 'yar Filifin ɗin tana hutu, wayata ta mutu, na yi tafiyar minti hamsin a gefen titin da babu wurin masu ƙafa, motoci suna wuce ni fuu. A hanyar na wuce wani fili mai tutoci kala-kala da babban allo: ba kiredit, ba matsala. Irin wuraren da su ne masu sayarwa su ne masu ba da bashin, ana biya duk sati biyu. Na tsaya na leƙa. Baba Alhaji ya riga ya gaya min da yawansu suna sa wa mota na'urar da za su hana ta tashi daga ofis idan ka makara, kuma da yawa ba sa ma kai rahoton biyanka ga kamfanonin ukun nan, sai ka gama wahala kana nan a fatalwarka. Duk da haka sai da na karanta farashin wata Nissan ja kafin na wuce.

Baba Alhaji bai sa min hannu ba, amma ya yi abin da ya fi. Akwai adashen da mutanen masallaci suke yi, mutum goma, dala 300 kowane wata. Ya shigar da ni da bakinsa, ba takarda ba lamba. Da kwasarsa ta zo a watan Oktoba ya ce a ba ni, shi ya koma ƙarshen layi inda nake. Dala 3,000 a ambulan, ya miƙo min a bakin masallaci yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Ka ƙara a kafin alƙalami, ruwan ya ragu." Equifax ba ta san da wannan ba, kuma ba za ta taɓa sani ba.

A ƙarshen Oktoba maki ya fito: 684. Na daina zama fatalwa, na zama yaro mai rarrafe. Wannan karon ban fara da wurin motoci ba, bankin nawa na fara zuwa. Matar da ta karɓe ni ta buɗe asusuna ta ga albashi yana shiga duk sati biyu tun Afrilu, ta ga katin. Ta tambayi tsawon zamana a wurin aiki da gidan da nake haya. Ta ce suna da tsari na mai sayen mota karon farko, sharaɗinsa kafin alƙalami mai kauri. Na ce ina da 9,000. Washegari ta kira: za su ba ni har 16,000, ruwa kashi 9.5, wata 48, dala 402 a wata. Jimillar ruwan bai kai 3,300 ba. Har yanzu ruwa ne, kuma mai tsohon kiredit zai samu ƙasa da haka. Amma tsakanin 12,700 da 3,300 akwai karatun yaro. Na gwada wani banki guda a satin don kwatance. Ba laifi a yi haka, domin tambayoyin rancen mota da aka yi a cikin sati biyu lissafin makin yana ɗaukarsu kamar guda ɗaya.

Sannan na rubuta wa dila huɗu imel iri ɗaya: ga motar da nake so, ku faɗa min farashin fita da ita daga ƙofa, da haraji da komai, a rubuce. Biyu suka ce sai na zo mu zauna. Na share su. Biyu suka ba da lamba, na nuna wa kowanne ta ɗan'uwansa, aka tsaya a 25,000 a kan samfurin 2024. Ranar ɗauka da uwargida muka je, da takardar banki a jaka. Mai rancen wannan wurin ma ya gwada sa'arsa da ƙarin garanti da kariyar fenti. Na ce motar tana da garantin kamfani na shekara uku, na inji da giya shekara biyar, ya isa. Inshorar cike giɓi kuma ba na buƙata, tunda abin da na biya a gaba ya sa bashin bai kai darajar motar ba. Ya juya wajen uwargida yana cewa ko madam za ta so kwanciyar hankali. Ta ce masa da Turancinta na malamar makaranta, "Mun gode, a'a." Minti hamsin muka yi gaba ɗaya.

Inda lissafina ya kwana shi ne inshora. Motar da ake bin bashi a kanta dole a yi mata cikakkiya, ba 'yar ƙaramar da doka ta wajabta kaɗai ba, domin banki yana kare kayansa. Lasina na Teksas bai cika shekara ba, shekara goma sha ɗaya da na yi ina tuƙi tsakanin Katsina da Kano ba a ƙirga ko ɗaya ba. Kuma a yawancin jihohi masu inshora su ma suna leƙa kundin bashi kafin su yanka maka farashi. Kalifoniya da wasu jihohi kaɗan sun hana, Teksas ba ta hana ba. Dala 240 a wata aka yanka min. Na zauna a cikin sabuwar motar a harabar dila, leda ba a gama cirewa daga kujeru ba, ina haɗa 402 da 240 da kuɗin mai, na ga Baba Alhaji da tsohuwar motarsa ta 5,000 suna min dariya a zuci. Da na nemi farashin inshora tun kafin in zaɓi mota, da wataƙila hukuncina ya bambanta. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba.

Kafin in sa hannu na tabbatar babu tara idan na biya da wuri, kuma ruwan a kan abin da ya rage ake lissafa shi kullum. Saboda haka duk watan da na yi ƙarin dare biyu ko uku, kuɗin kai tsaye kan uwar bashin nake zuba su. Karon farko da na tura ƙari, na'urarsu ta ɗauke shi a matsayin biyan watan gaba, sai da na kira aka gyara. Yanzu duk sanda na tura sai na duba washegari. Akwai takarda a jikin firij, inda wasiƙun nan bakwai suka taɓa zama, uwargida ce ke rubuta ragowar da jan biro. Ita ta ƙi jinin bashin fiye da ni, ba ta kiransa kuɗin mota, “kuɗin mutanen nan” take cewa.

Juma'ar farko da na je masallaci da motar na ajiye ta can nesa, bayan wata babbar mota, don kada a ce ina nuna kai. Bai hana Baba Alhaji ganowa ba. Bayan an idar ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa, ya buɗe ƙofa ya shaƙi ƙamshin ciki. Ya ɗora hannu a kan rufin ya yi addu'a, Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Na ce amin. Sai ya ce, "Nawa suka yanka maka?" Na faɗa. Ya girgiza kai, ya ce da yawa, amma ba kamar na farko ba. Ya juya zai tafi, ya waiwayo ya ce, "Ɗana, kar ka manta zubin adashe ranar biyar ga wata ne."